Mai kira da ɓoyayyar lamba ya hana mu barci, yaya za mu yi?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Yau kusan mako uku ke nan wani yana kiran wayata da ɓoyayyar lamba, yawanci bayan sha ɗayan dare. Wani lokaci ya yi shiru sai numfashinsa nake ji, wani lokaci ya yi ta maganganun batsa. Mai gidana ya karɓi wayar ya zage shi tas, amma abin sai ƙaruwa ya yi. Shekaranjiya har sunan 'yata ya ambata. Yanzu ko wayar ta yi ƙara gabana faɗuwa yake. Shin in karya layin in sayi sabo, ko akwai hanyar da za a gano ko wane ne?"

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya kawo muku sauƙin wannan fitina. Abu biyu kike tambaya: yadda za a tsayar da kiran, da yadda za a san mai yin sa. Kowanne da hanyarsa, kuma in ba a yi hattara ba maganin na farko yakan ɓata na biyu. Don haka tun kafin bayani ya yi nisa, kar ki karya layin, kar ki goge komai daga wayar. Ambaton sunan 'yarki kuma ya fitar da maganar daga sahun wasan banza, ya kai ta inda ya kamata hukuma ta sani. Zan dawo kansa.

Ba kowane kiran shiru ne na mugunta ba

Na fara da wannan saboda masu karatu da abin nasu bai kai naki ba. Kamfanonin talla suna amfani da kwamfutar da ke buga lambobi da yawa lokaci guda, duk wanda ya ɗauka a haɗa shi da ma'aikaci. Idan ba ma'aikacin da ke zaune babu aiki, sai mutum ya ji shiru tsit na 'yan daƙiƙu layin ya yanke. Irin wannan da rana yake zuwa, kuma shirun nasa babu numfashi, babu motsin ɗaki. Akwai wayar da ke danna kanta a aljihu, ana jin gogar tufafi da hirar mutane daga nesa. Akwai layin da kamfani ya karɓe daga wanda ya daina amfani da shi ya sake sayarwa, sabon mai shi ya gaji masu bin tsohon bashi. Akwai kuma 'yan damfarar da ke yin filashin sau ɗaya da lambar ƙasar waje, suna jiran a bi kiran a faɗa layi mai tsada ya cinye kuɗin da ke waya. Maganin duk waɗannan kar a bi kiran, a toshe lambar, shi ke nan.

Naki daban ne. Lokaci guda yake zaɓa, yana tsayawa ya saurara, ya san sunan wani a gidan. Mutum ne, kuma ke yake nufi.

Abin da yake nema

Mai irin wannan kira ba saƙo yake son isarwa ba. Yana son ya ji muryarki ta canja. Kuka, roƙo, zagi, "wai wane ne kai?", Allah ya isa, duk ɗaya ne a wurinsa, domin kowanne shaida ce cewa daga inda yake kwance ya taɓa cikin gidan wani. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Zagin da mai gidanki ya yi, duk da kowane namiji zai ji zuciyarsa ta kai shi can, ya gaya wa mutumin abu biyu: abin yana ciwo, kuma yanzu mutum biyu yake juyawa maimakon ɗaya. Shi ya sa kiran ya ƙaru.

Ga abin da za a yi. Sau ɗaya tak, da murya kwance, a ce masa: "Kada ka ƙara kiran wannan lambar." A kashe. A rubuta rana da lokacin da aka faɗa. Amfanin wannan jumla ba don zai ji ba ne, don gobe ne, kada ya ce ai hira ake yi da yardar juna. Dokokin ƙasashe da dama suna kallon maimaitawa bayan an nuna ba a so. A Ingila, alal misali, dokar kariya daga tsangwama ta 1997 tana neman abin ya faru aƙalla sau biyu kafin a kira shi ɗabi'ar tsangwama.

Daga nan babu sauran magana. In an ɗauka aka ji shi ne, a kashe ba tare da ko tsaki ba. Kuma dole kowa a gidan ya tsaya a kan haka, don a nan ake yawan faɗuwa. Idan ya kira sau ashirin ba a tanka ba, a na ashirin da ɗaya haƙuri ya ƙare aka balbale shi da faɗa, darasin da ya ɗauka shi ne kira ashirin ne kuɗin jin muryarki, kuma zai biya. Amsa jefi-jefi ta fi amsa kullum riƙe mutum, kamar yadda caca ke riƙe mai yin ta. Ki kuma sa a ranki cewa kwanakin farko na shirun kiran zai iya ninkuwa, kalaman su ƙara muni. Wannan ba alamar dabarar ta gaza ba ce, yana lalube ne ya ga ko ƙofar ta rufu da gaske.

Za a ba ki shawarar hura usur a bakin wayar don a kashe masa kunne. Kar ki yi. Amsa ce ita ma, na'urar waya tana rage ƙarar da ta wuce kima, kuma wata rana mara laifi za ki hura wa.

Lambar ba ta ɓuya ga kamfani ba

Mutane da yawa sun ɗauka ɓoyayyar lamba ba ta barin sawu. Tana bari. Wanda ya sa #31# a gaban lamba, ko ya kashe nuna lambarsa a saitin waya, abin da ya yi kawai shi ne roƙon kamfanin layi kada a nuna lambar a fuskar wayarki. Kamfanin kansa ya san layin da ya yi kiran, tunda da shi yake cajin kuɗi. Kowane kira yana barin rubutu a na'urorinsu: lambar mai kira, lambar da aka kira, lokacin farawa, tsawon kiran, turken sadarwar da wayar ta kama, har da lambar jikin wayar mai alƙaluma 15, wadda kowa zai ga tasa in ya danna *#06#. Wannan ta ƙarshe ita ke kama masu sauya sim suna sakawa a waya ɗaya.

Sai dai kamfani ba zai karanta miki lambar ba ko kin je ofishinsu da kuka, kuma daidai ne, don da suna yi da kowane mai mugun nufi ya bi ta nan. Jami'an bincike ko kotu suke ba wa. Kuma ba har abada ake ajiye bayanan ba, kowace ƙasa da wa'adinta, wani wurin watanni ne kawai. Jinkiri a nan asara ce.

Inda abin ke yin wuya shi ne kiran da ya biyo ta intanet. Akwai manhajojin da ke ba mutum damar sa duk lambar da ya ga dama ta bayyana a wayar wanda ya kira. Saboda haka ko ranar da lamba ta fito, kar ku yi saurin yaɗa ta a Facebook da sunan tona asiri, ko ku tura 'yan uwa su far wa mai ita. Tana iya zama ta bawan Allahn da bai san hawa ba bai san sauka ba. Haka Truecaller, manhajar nan mai nuna sunan mai kira: sunan da yake nunawa daga abin da mutane suka rubuta a wayoyinsu yake tattarowa, ba daga rajistar kamfani ba, kuma ba ya buɗe lambar da aka ɓoye. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi ya gano miki mai kiran cikin minti biyar, fitina ta biyu ce ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Littafin rubutu

Wannan ne aikin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi rainawa. A irin ƙorafin da ke zuwa hannuna, bambancin wanda aka bincika da wanda ya mutu a kan tebur yawanci takarda ɗaya ce. Jami'in da aka ce wa "kullum yana kira da dare" ba shi da abin da zai rubuta wa kamfani. Wanda aka miƙa wa jerin da ke cewa Talata ƙarfe 11:42 na dare, daƙiƙa 35, ɓoyayyar lamba, yana da layin da zai ce a duba.

Ki samu littafi na musamman, ki ja layi shida: kwanan wata, lokaci har da minti, tsawon kiran, abin da ya fito a fuskar waya, wanda ya ɗauka, da abin da aka ji. A wannan na ƙarshe ki rubuta kalamansa yadda ya faɗe su ko da sun yi ƙazanta, kar ki taƙaita da "ya yi batsa". Ki ƙara da abin da kunne ya tsinta a bayansa: ƙarar injin, talabijin, kukan yaro, wucewar motoci, amon ɗaki marar kaya, karin harshensa, kalmar da yake yawan maimaitawa, ko yana danne murya. Mai canja murya yawanci yana tsoron a gane ta ne. A rubuta nan take, kafin barci ya gauraya daren jiya da na yau. Kiran da ba a ɗauka ba shi ma a sa shi.

Ki koma baya cikin jerin kiran wayar ki kwashe na makonni ukun nan tun yau, ki ɗauki hoton fuskar wayar yadda kwanan wata da lokaci za su fito. Wayoyi suna riƙe adadi ƙayyadadde ne, sabon kira yana ture tsoho. Ki tura hotunan wani wuri, imel ko wayar mai gidanki, saboda ɓata ko lalacewa. Ki kuma tabbatar agogon wayar yana kan saitin da ke ɗaukar lokaci daga kamfani, domin agogon da ya yi gaba da minti bakwai zai sa a nemi kiran a inda ba ya nan.

Littafin yana da wani amfani. Bayan mako biyu ki zauna ki karanta shi daga sama. Ranakun da mai gida ya yi tafiya ne kiran ke yawa? Yana tsayawa ranakun hutu? Ya fara ne bayan wata rigima, ko korar mai aiki, ko ƙin wani mai nema, ko bayan kin ba da lambar a wani wuri, ko an sa ki a wani sabon zauren WhatsApp? Da ɗan gari akan ci gari, kuma wanda ya san sunan yarinya ko dai ya san gidan ko ya bi shafukanku. Amma in zargi ya faɗa kan wani, a kai wa mai bincike, kar a tunkare shi. Idan shi ne, an ba shi damar jefar da sim. Idan ba shi ba ne, an ɓata zumunci a banza.

Naɗar murya tana taimakawa, sai dai da sharaɗi. Doka ta bambanta: wasu ƙasashen sun yarda wanda ke cikin kiran ya naɗa ba tare da sanin ɗayan ba, wasu kamar Jamus suna neman yardar mai maganar, a Amurka ma jiha da jiha ba ɗaya ba ne. A tambayi lauya ko jami'in da ke riƙe da ƙorafin. Ta fuskar na'ura kuma, tun 2022 Google ya hana manhajojin waje na naɗar kira bin hanyar da suka saba, shi ya sa da yawansu muryarki kaɗai suke kamawa. Tsarin naɗar kira na iPhone da ya zo a 2024 yana sanar da ɗayan ɓangaren cewa ana naɗa. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa wayar a sifika, a ajiye wata kusa da ita tana ɗauka, a fara da faɗin rana da lokaci. Saƙon murya da ya bari da kansa kuwa ba shi da wannan matsalar, a adana shi kawai.

Yadda za a samu barci

Da littafi ya kama hanya, sai a rufe ƙofa. A wayoyin Android, cikin saitin manhajar kira, wurin lambobin da aka toshe, akwai maɓallin hana kiran da bai nuna lamba ba. Wannan ɓoyayyu kawai yake tarewa, baƙuwar lambar da ta bayyana za ta shigo. A iPhone, tun 2019 akwai saitin da ke hana wayar ƙara ga duk lambar da ba a ajiye ba, kiran ya wuce akwatin saƙon murya amma ya fito a jerin kira. Wannan ya fi dacewa da halin da kike ciki, tunda kunne ya huta shaida kuma tana taruwa. Toshewa gaba ɗaya a wasu wayoyin ba ta barin alamar an kira, don haka a gwada da wayar wani a gani kafin a dogara da ita. Illar duka biyun ita ce asibiti, makaranta ko ɗan aike na iya kira da lambar da ba ki da ita, sai ki ajiye irin waɗannan tun da wuri ki riƙa duba jerin da safe.

Da dare a kunna saitin hana damuwa, a bar lambobin iyaye da 'yan uwa na jiki kawai su shigo. A lura da wani ɗan maɓalli a ciki da ke barin kira na biyu ya ratso idan mutum ya sake bugowa nan kusa, minti 3 a iPhone, minti 15 a Android. An yi shi don gaggawa, amma mai naci ta nan zai shigo. A kashe shi. WhatsApp ma tun 2023 yana da wurin hana baƙin lambobi yin ƙara. Kiran WhatsApp ba ya cikin bayanan kiran kamfanin layi, don haka hotunan da kika ɗauka su ne shaidarki, kuma ki ɗauka kafin ki kai rahoton lambar ko ki toshe ta, kada hirar ta tafi.

Masu wayar tebur ta gida su tambayi kamfaninsu hidimar ƙin ɓoyayyun lambobi da ta bin sawun kiran mugunta. A Amurka da Kanada danna *57 da zarar an ajiye kiran yana sa kamfani ya adana lambar don 'yan sanda. Gaisuwar na'urar amsa kira kada ta ƙunshi suna, ko cewa "mun yi tafiya".

Batun sabon layi: ki saya in kina so, amma tsohon ya zauna a raye cikin wata ƙaramar waya marar ƙara, a aljihun tebur, mai gida ko wani amintacce ya riƙa dubawa yana cika littafi. Mutumin zai ci gaba da bugawa can yana tara wa kansa hujja, bai san kin tashi ba. In kika kashe tsohon, ranar zai fara neman sabon. Sabuwar lambar kuma a ba mutane kaɗan-kaɗan, ana rubuta wa aka ba da yaushe. Idan kiran ya biyo ki, kin san ta ƙofar da ya shigo.

Sunan yarinyar

Akwai alamun da in sun bayyana ba a jiran littafi ya cika: barazanar kisa ko fyaɗe ko sata, ambaton yara ko makarantarsu, faɗin kayan da ke jikinki ko inda kika je yau, ganin baƙuwar fuska tana zagaya gida, ko zargin tsohon miji ko tsohon manemi ne, musamman mai tarihin duka. Naki ya taɓa ɗaya daga ciki. Ku je wurin 'yan sanda cikin kwana ɗaya ko biyu, ke da mai gidanki, da wayar da kwafin littafin, asalin ya zauna a hannunku. Ku nemi a rubuta ƙorafin, ku karɓi lambarsa da sunan jami'in, ku tambaya kai tsaye ko za a rubuta wa kamfanin layi. Ku kai wa kamfanin ƙorafi a rubuce ku ma, ku karɓi lambar shaida. Idan mako ya wuce shiru ku koma da sabbin shafuka, in ta kama ku nemi na gaba da shi ko ku sa lauya ya rubuta. Idan an gano mutumin, kotuna a ƙasashe da yawa suna iya ba da umarnin hana shi kira ko kusantar gida, saɓa wa umarnin kuma laifi ne na daban.

Ba zan ce miki kowane bincike yana kaiwa ga kama mutum ba. Layin da aka yi wa rajista da sunan wani, ko kiran intanet daga wata ƙasa, na iya tsayar da shi. Ko a hakan ƙorafin da ke rubuce yana da nauyi ranar da abin ya sake tasowa.

A sanar da makarantar yarinyar sunayen waɗanda aka yarda su ɗauke ta, kuma kada a sake ta ga wani saboda kiran waya kawai. Yara su daina ɗaukar wayarki a wannan tsakanin. A koya musu kada su faɗi sunansu ga wanda ba su sani ba, kada su ce babu babba a gida, su ce "ba za ta iya zuwa yanzu ba" su kashe. Wanda ya riga ya ji mummunar magana a gaya masa ba laifinsa ba ne, don yaro yakan ɓoye irin wannan saboda tsoron faɗa.

Ki duba ta ina labarin gidan ke fita. Hotunan yara da kayan makaranta a shafukan sada zumunta, da status ɗin WhatsApp da kowa ke gani, a taƙaita su. A duba na'urorin da ke haɗe da WhatsApp ɗinki a cire wadda ba ki sani ba, a duba ko wayar tana raba wurin da kike da wani, a canja kalmomin sirri. Danna *#21# yana nuna ko an karkatar da kiranki zuwa wata lamba, ##002# kuma yana soke duk karkatarwa, har da ta akwatin saƙon murya, sai a sake saita wannan daga baya. Idan ya ce yana da hotonki ko wani sirri, a biya shi ko ya watsa, kar a tura ko sisi. Wanda aka biya sau ɗaya dawowa yake, kuma wannan ƙwace ne da ya kamata ya shiga cikin ƙorafin.

Saura magana ɗaya da ba ki tambaya ba, zan so mai gidanki ya karanta. Kiran namiji da tsakar dare a wayar matar aure yakan jefa tambaya a zuciya, "a ina ya samu lambarki?", kuma wasu masu kiran wannan ɗin suke nema tun farko. Lambar waya tana yawo ta takardun da ake cikewa, zaurukan hira, da wayoyin mutanen da suka ajiye ta, ba sai mai ita ta ba kowa ba. Matar da ta miƙa wa mijinta wayar ya ji da kunnensa ba ta ɓoye komai ba. Ya karɓi aikin duba tsohon layin da cika littafin, ita ta huta da jin muryar. Faɗuwar gaban da kike yi kuwa abu ne da ke samun wanda aka daɗe ana razanawa, yakan lafa in wayar ta daina ƙara da dare. Canja sautin kiran yana taimakawa fiye da yadda ake zato. Idan rashin barci da firgita suka zarce makonni bayan kiran ya tsaya, ki ga likita ki gaya masa tun daga farkon abin.